Kwas ɗin hadimin ɗakin gashin ƙashi ta intanet: abin da na saya da abin da na tarar a bakin aiki

Watanni 14 ke nan da na kammala wannan kwas, kuma na yi shekara guda cur ina aikin da aka ce zai shirya ni dominsa, a wani asibitin gashin ƙashi na masu zuwa su koma gida a nan Amurka. Da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina, domin darajar takardar shaida ba ta bayyana a ranar da aka karɓe ta, sai mai ita ya kai ta wurin neman aiki ya ga yadda aka dube ta, sannan ya tsaya gaban majinyaci ya ga abin da ya saura a kansa na karatun. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Kwas ne na karatu daga gida, mai darussan bidiyo da rubuce-rubuce da jarrabawa a ƙarshen kowane babi, kuma kuɗin da na biya ya haura albashin mako guda na aikin da yake koyarwa. Hukuncina shi ne karatun da ke cikinsa yana da amfani fiye da yadda na zata, amma yadda ake tallansa yana sa mai saye ya ɗauka zai sami wani matsayi da takardar ba za ta taɓa ba shi ba.

Sai an fahimci yadda aka jera ma'aikatan wannan fanni a Amurka kafin a gane inda matsalar take. A sama akwai likitan gashin ƙashi, wanda bayan digirinsa na farko yake ƙara kimanin shekara 3 kafin ya sami digirin da ake kira DPT, kuma shi ne mai duba majinyaci da tsara masa magani. Ƙasa da shi akwai mataimakinsa mai lasisi, wanda ake taƙaita sunansa da PTA. Shi wannan yana yin karatun kimanin shekara 2 a makarantar da hukumar CAPTE ta tantance, ya ci jarrabawar ƙasa, sannan jihar da zai yi aiki a cikinta ta ba shi izini, kuma yana aiwatar da maganin da likita ya tsara da hannunsa. Na uku shi ne wanda na zaɓi in kira hadimi, mai shirya ɗaki da kayan aiki, mai raka majinyaci da kai shi inda za a duba shi, mai wanki da goge-goge da amsa waya. Hadimi ba ya buƙatar lasisi, kuma abin da aka saba nema daga gare shi shi ne shaidar kammala sakandare, sauran kuwa a bakin aiki ake koya masa. A Turance kalmar da ake kiran mataimaki da ita da wadda ake kiran hadimi da ita da harafi ɗaya suke farawa, ma'anarsu kuma ta yi kusa, don haka mai neman shiga fannin daga waje da wuya ya raba su.

A kan wannan kusancin tallan kwas ɗin ya jingina. Ban kama shi da ƙarya ƙarara ba, gaskiya ke nan, amma hotunan da ke shafinsa na mutane ne suna lanƙwasa gwiwar majinyaci suna auna ta, wanda aikin likita ne da mataimakinsa, kuma inda aka yi maganar albashi an haɗa matakan biyu a jimla guda. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna cewa matsakaicin albashin hadimi a shekara dala 33,520 ne, na mataimaki mai lasisi kuwa dala 64,080, wato kusan ninki biyu, na likita kuma dala 99,710. Kamfanin da yake karɓar kuɗin mutanen da yawancinsu ke neman hanyar fita daga ƙaramin albashi ya kamata ya ajiye waɗannan lambobi a shafinsa na farko, kowace a gaban sunan mai ita. Ni sai da na yi nisa a babi na biyu na ga an bayyana bambancin, a lokacin kuwa kwanakin da za a iya mayar wa mutum kuɗinsa sun wuce. Wannan shi ne babban ƙorafina, kuma har yau yana damuna idan na tuna waɗanda muka yi rajista tare, musamman wata uwar 'ya'ya uku da ta rubuta a zauren ɗalibai cewa ita ta ɗauka lasisi za ta samu.

Duk da haka ba zan tauye wa darussan haƙƙinsu ba. Babin sassan jiki an tsara shi da kyau, zane-zanensa a fili suke, kuma saboda shi ne a makona na farko na iya gane abin da likita take nufi idan ta ambaci wata tsoka ko wata gaɓa, maimakon in tsaya ina kallonta. Babin tsafta ma bai yi wasa ba: wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, man goge hannu da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa bai gaza kashi 60 cikin 100 ba, lokacin sa safar hannu da yadda ake cire ta ba tare da an taɓa bayanta ba, da kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, cewa maganin goge gado yana da mintunan da dole ya yi a jiƙe kafin ya kashe abin da aka fesa shi dominsa, kuma an rubuta su a jikin kwalba. Wanda ya fesa ya share nan take ya gyara gadon ne a ido kawai.

Babin da ya fi kowane daraja a wurina shi ne na gashi da zafi da sanyi, kuma idan aka ce in zaɓi abin da ya biya ni kuɗina, shi zan nuna. A irin waɗannan asibitoci akwai tukunyar ƙarfe mai wutar lantarki da ruwan cikinta yake zama tsakanin digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Salshiyas, a ciki ake jiƙa wasu jakunkunan zane masu kauri da aka cika da wani irin yumɓu mai riƙe zafi. Hadimi ne yake auna zafin ruwan kowace safiya ya rubuta, shi ne kuma yake ciro jaka ya naɗe ta. Darasin ya nanata cewa sai an sa ninkin tawul 6 zuwa 8 tsakanin jaka da fata, cewa gashin ba ya wuce minti 15 zuwa 20, cewa ba a barin majinyaci ya kwanta a kan jakar domin nauyin jikinsa yana matse tawul ya rage kariyar, kuma cewa bayan kamar minti 5 a ɗaga a dubi fatar da ido. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya bayyana dalili. Wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ko wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suna iya raunana, ta yadda fatarsa za ta ƙone shi kuwa yana ce maka lafiya lau yake ji. Tambayar majinyaci ko zafin ya yi yawa ba ta wadatar ba, tunda mai amsar ba shi da abin da zai ji da shi.

A wata na uku da fara aiki na ga wannan da idona. Wani dattijo mai ciwon suga, mutum mai haƙuri da ba ya son ya wahalar da kowa, likita ta umarta a sa masa gashi a ƙasan baya. Na naɗe jakar yadda aka koya mini, na koma bayan minti 5, ya ce da ni komai daidai ne, har yana cewa in je in ci gaba da aikina. Na roƙe shi ya bari in duba, da na ɗaga tawul sai na ga fatar ta yi ja jajir da ɗigo-ɗigo fiye da yadda ya kamata. Na cire jakar na kira likita, ta duba ta ce da an ƙara minti 10 da sai an yi jinyar ƙuna, kuma ƙuna a jikin mai ciwon suga ba ta saurin warkewa. A asibitin an nuna mini yadda ake naɗe jaka, amma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini dalilin dubawar, domin kowa yana cikin sauri. Daga kwas ɗin na zo da dalilin, kuma dalilin ne ya hana ni karɓar maganar dattijon in juya.

Haka kuma na amfana da bayanin ƙa'idojin wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu, inda a yawancin aikin da aka yi ta baya ake hana majinyaci lanƙwasa ƙugun fiye da digiri 90, da harɗe ƙafafu, da juya ƙafar ciki, har zuwa lokacin da likitan fiɗa ya ɗage hanin. Hadimin da bai san wannan ba zai iya miƙa wa irin wannan majinyaci gajeriyar kujera da kyakkyawar niyya, ya jawo gocewar gaɓar. An kuma koyar da alamomin da ba a jira a kansu, kamar kumburi da zafi da ciwo a sharaɓar ƙafa ɗaya bayan fiɗa, wanda kan iya zama gudan jini a jijiya, da karkacewar baki ko sarƙewar magana farat ɗaya. Babin sirrin majinyata, wanda aka gina a kan dokar HIPAA ta 1996, gajere ne amma ya isa: ba a kiran ciwon mutum a ɗakin jira, ba a barin fayil a buɗe, ba a kai labarin majinyaci gida ko da ba a faɗi sunansa ba idan za a iya gane shi.

Akwai babin tarihi wanda na ji daɗin karantawa, ko da yake ina da magana a kansa. Ya kawo labarin matan da rundunar sojan Amurka ta ɗauka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya domin su farfaɗo da sojojin da suka dawo da raunuka, da Mary McMillan wadda ta yi aiki a asibitin soja na Walter Reed, ta kuma zama shugabar farko ta ƙungiyar masu aikin gashin ƙashi da aka kafa a 1921, wadda a yau ake kira APTA. Ya nuna yadda cutar shan inna ta faɗaɗa fannin, musamman a 1952 da aka sami kusan mutum 58,000 da suka kamu a Amurka, shekara 3 kafin a amince da rigakafin Jonas Salk. Waɗannan mata na farko da sunan hadimai ake kiransu a lokacin, kuma darasin ya yi amfani da wannan ya ce ɗalibi yana bin sawunsu ne. Maganar tana da daɗin ji, amma su magani suke yi da hannunsu, kuma magadansu na gaskiya su ne likitocin yau. A nan ma sunan ne ya zama ɗaya, aikin ya bambanta.

Inda kwas ɗin ya gaza ƙwarai shi ne aikin da ake yi da jiki, kuma ba na ganin akwai bidiyon da zai iya cike wannan giɓi. Na kalli darasin tayar da majinyaci daga keke zuwa gado sau da yawa, na haddace jerin matakan: a ɗaure birkin keken, a ɗage matakan ƙafa, a ɗaura masa ɗamarar riƙo a ƙugu, mai tayarwa ya lanƙwasa gwiwoyinsa ya bar bayansa a miƙe. Na san cewa sanda a hannun ɓangaren mai lafiya ake riƙe ta, kuma a hawan matakala ƙafa mai lafiya ce take fara hawa, a sauka kuma mai ciwon ce take fara sauka. Na ci jarrabawar wannan babi ba tare da kuskure ba. Amma ranar da na fara riƙe ɗamarar wani mutum mai jiki da ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi, saboda jini kan yi ƙasa idan wanda ya daɗe a kwance ya tashi da sauri, sai na tarar hannuwana ba su san komai ba daga abin da kaina ya sani. Mataimakiyar likita da ke gefena ce ta sa gwiwarta ta tare shi, ta zaunar da shi a hankali, sannan bayan an tashi aiki ta yi kwana uku tana sa ni ina tayar da ita daga kujera tana sake mini nauyinta ba zato, har jikina ya koyi inda zai tsaya. Gani ya kori ji, kuma a wannan aiki riƙewa ta kori gani. Kwas ɗin bai haɗa ɗalibi da wani asibiti domin gwaji ba, ko na yini ɗaya, bai kuma faɗa a fili cewa wannan babin share fage ne kawai ba.

Abin mamaki kuma, babu horon farfaɗo da numfashi da bugun zuciya a cikin kuɗin, alhali ita ce takardar da aka fara tambayata a wurin ganawar ɗaukar aiki. Sai da na je na yi shi dabam a gaban malami, a aji irin wanda Ƙungiyar Zuciya ta Amurka da Red Cross suke shiryawa, na 'yan sa'o'i kawai, kuma takardarsa shekara 2 take yi kafin a sabunta ta. Manajan da ya gana da ni ya dubi takardar kwas ɗin sau ɗaya ya ajiye ta gefe, ya tambaye ni ko zan iya yini a tsaye, ko zan iya zuwa da sassafe, da abin da zan yi idan majinyaci ya fusata da ni. Mu biyu aka ɗauka a makon, ɗayan ɗalibin jami'a ne da bai taɓa yin wani kwas ba, kuma albashinmu ɗaya.

Maganar iyakar aiki ita ce ta fi cancantar babi guda cikakke, sai ga shi shafi ɗaya da rabi aka ba ta. Kowace jiha tana da dokarta a kan abin da hadimi zai iya taɓawa, wasu sun yarda ya yi wasu ayyuka a jikin majinyaci matuƙar likita yana kusa yana sa ido, wasu kuma sun ƙuntata ƙwarai. Matsayin APTA shi ne likita da mataimakinsa mai lasisi kaɗai ne masu yin magani, kuma shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare ba ya biyan kuɗin aikin da hadimi ya yi a matsayin magani, ko da a gaban likita ya yi shi. Wannan ba maganar takarda ba ce kawai. A ranar da majinyata suka yi yawa, abu ne mai sauƙi a miƙa wa hadimi takardar motsa jiki a ce ya kula da wane, sai majinyacin ya juyo ya tambaye shi ko ya ƙara nauyi, ko ciwon da yake ji a kafaɗa na warkewa ne. Mutum yana son ya taimaka, yana kuma jin kunyar cewa ba huruminsa ba ne, ga shi ya karanta abin a babi na huɗu. A nan ne ɗan karatun yake iya zama haɗari, domin yana ba da ƙarfin gwiwar amsa tambayar da ba a ba mutum ikon amsawa ba. Da kwas ɗin ya koya wa ɗalibi yadda zai nemo dokar jiharsa, da kalmomin da zai yi amfani da su cikin ladabi ya mayar da tambaya ga likita, ko ya ƙi aikin da ya wuce iyakarsa ba tare da ya rasa abincinsa ba, da ya yi masa hidimar da ta fi zane-zanen ƙashi.

Sauran hidimar kamfanin matsakaiciya ce. Shafin yana buɗewa a waya ba matsala, malamai suna amsa saƙo cikin kwana biyu ko uku, jarrabawar duk ta zaɓi ce kuma ana iya maimaita ta har a ci, wanda ya sa ba ta auna komai sosai. Taimakon neman aikin da aka yi alƙawari bai wuce samfurin takardar neman aiki da jerin shafukan da kowa ya sani ba.

Ban ga inda aka gaya wa ɗalibi yadda yinin hadimi yake a zahiri ba, kuma ina ganin ya kamata mai niyya ya sani. Mafi yawansa wankin tawul ne da ninke su, goge gadaje tsakanin majinyaci da majinyaci, mayar da ƙarafa da robobin motsa jiki mazauninsu, cika firiji da jakunkunan sanyi, amsa waya, da bin sawun izinin kamfanonin inshora. Ƙafafu suna ciwo da yamma. Amma hadimi ne yake fara ganin majinyaci a bakin ƙofa, shi ne yake lura cewa yau tafiyar wance ta sauya ko fuskar wane ta faɗa, kuma sau da yawa a hanyar zuwa gado ake gaya masa abin da ba a gaya wa likita ba, kamar faɗuwar da aka yi a banɗaki aka ɓoye wa 'ya'ya. Kai irin wannan labari ga likita kafin ta fara aiki babban abu ne. Na raka wata mata da ta sami shanyewar ɓarin jiki tun tana zuwa a keke, har ranar da ta shigo da sanda ita kaɗai ta tsaya a gaban tebur ta sa hannu a rajista da hannun da a da ba ya riƙe biro. Ban yi mata magani ba, amma ni na riƙe keken a bayanta watanni huɗu tana koyon taku, kuma ina son wannan aiki saboda irin wannan rana.

Wanda zan ce ya sayi kwas ɗin shi ne wanda ya daɗe da barin makaranta, bai taɓa shiga aikin lafiya ba, yana da kuɗin ba tare da ya ci bashi ba, kuma yana son ya shiga asibiti da sanin dalilan abubuwa. Wanda kuɗin zai yi masa nauyi ya fara da takardar farfaɗo da numfashi, ya nemi aikin kai tsaye, ya riƙa tambayar likitoci dalilin kowane abu da aka sa shi. Wanda kuma burinsa shi ne ya yi magani da hannunsa, ya ajiye kuɗin ya kai su kwalejin da CAPTE ta tantance, domin can ne hanyar lasisi ta bi.

Ni ma can na nufa yanzu. Da na kai takarduna kwalejin da nake neman shiga karatun mataimakin likita, jami'ar ɗaukar ɗalibai ta gaya mini cewa babu darasi ko ɗaya daga kwas ɗin da za a lissafa mini, sai na ɗauki ilimin sassan jiki daga farko. Abin da ta karɓa ta sa a fayil ɗina shi ne takardar sa'o'in da na yi a ɗakin gashi, wadda likitar da nake aiki a ƙarƙashinta ta sa wa hannu.